Gonar Maigida a Cikin Tabulet

Ina zaune a rumfar mai gyaran waya ina jiran tawa, sai ga wata dattijuwa da tabulet naɗe cikin jiƙaƙƙen ƙyalle.

"Ɗan nan, duba min. Zafi take yi kamar dutsen guga."

"Mama, wa ya ce ki jiƙa ta? Ai ba zazzaɓi ba ne. Wannan wasan gonar ne ya fi ƙarfinta. Bari in goge shi."

"Ɗauke yatsanka."

"Batirin zai kumbura fa. Wasan yara ne kawai."

"Yaron da ya shuka gonar nan ya girmi ubanka. Ta maigidana ce. Tun da hannunsa ya shanye yake kwance a asibiti, ni nake ba shanunsa ruwa. Kullum na shiga, kafin ya tambayi 'ya'yansa sai ya tambayi masararsa."

"To, ki ce masa ta lalace mana."

"Mutumin da nake lallaɓawa ya ci abinci zan gaya wa haka?"

Mai gyara ya sosa ƙeya.

"Ki riƙa barin ta ta huta, kuma ban da wasa tana caji."

"Wannan na ji. Amma gogewa, sai dai ta ƙone a cinyata. Miƙo min, lokacin girbi ya yi."