Kwamfutar da Yaya Ya Jefar

A ɗakin jiran tasha, wata budurwa na ta bugun tsohuwar kwamfuta a cinyarta, wani dattijo na kallo.

"'Yata, za ki fasa ta."

"Baba, waifai ta ƙi kamawa, ga shi yanzu za a kira ni ganawar neman aiki ta bidiyo!"

"Wannan ai sa'ar kakata ce. Ki haƙura."

"Haƙuri? Ni na goge ta, na sa mata manhaja mara nauyi, ta tashi garau. Abin da ke kunna waifai ɗin ne babu, kuma sai da intanet ake sauke shi."

"Wato sai kina da wuta za a ba ki ashana."

"Ara mini wayarka in jona da igiyar caji, in ja intanet ɗinka."

"Ungo. Amma motata na cika zan zare. Wa ya ba ki wannan gyatumar?"

"Bayan ƙofa Yayana ya jefar da ita. Ya ce ta mutu, ni ma in zauna gida."

"Ya san kin ɗauko?"

"Zai sani ran da na kama aiki. Kai, saukewar ta kai rabi!"

Sai ga wani dogo a bakin ƙofa yana haki, idonsa a kan kwamfutar.

"Baba, riƙe igiyar nan da kyau," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Yaya, bari ta gama saukewa, sai mu yi faɗan."