Waken Gayaunar Habu

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ne Idi manomi, daga wani ƙauye kusa da Tsanyawa.

Maƙwabcinmu yana da talabijin mai sola, yara suna taruwa a zaurensa kallon katun. Da tsumagiya nake koro ɗana Habu daga can, don a ganina shiririta ce.

Bara takin zamani ya fi ƙarfinmu. Na yanka wa Habu 'yar gayauna a gefen gonata, ya shuka gero. Ruwa ya ɗauke, shukar ta ƙone. Na ce masa ya haƙura sai baɗi.

Ya ce, "Baba, a katun akwai wani gurgun ɗan akuya mai son hawa dutse. Kullum faɗowa yake yi, amma bai bari ba, har abokansa suka tura shi sama."

Washegari ya kira abokan kallonsa gayya, irin wadda mu manya muka daina yi. Suka bi gida-gida suna kwasar kashin awaki da toka a tsofaffin kwanuka, suka zuba, suka shuka wake. Da suka gama tasa gayaunar, suka koma gonakin sauran.

Wallahi Malam, lokacin da rumbuna ya ƙare, dawa ba ta nuna ba, waken yaron nan ne ya riƙe gidana.

Ina gaida Habu da abokan gayyarsa. Ku ba ni shawara: yaya uba zai gode wa ɗan da ya ciyar da shi? Tsumagiyar dai na sa ta a murhun da aka dafa waken.