Murjanin da Zai Zauna a Ɗakin Malama

KAFINTA: Salamu alaikum. Auta ne?

AUTA: Wa alaikumus salam. A'a! Malam, kai ne da kanka? Yau wace rana, mijin Yaya ya tuna yana da waya?

KAFINTA: Ina wuni.

AUTA: Lafiya lau, ai ni ya kamata in gaishe ka. Ina gajiya? Ya aiki?

KAFINTA: Da godiya. Ya sabon shago?

AUTA: Alhamdu lillahi, ana ta fama. Har yanzu ban gama jera tankunan ba.

KAFINTA: Ya maiɗakinka da yara?

AUTA: Duk lafiya, suna gaishe ku. Ya jikin Yaya? Ciwon kan nan ya sake ta kuwa?

KAFINTA: Da sauƙi.

AUTA: Madalla. Na kira ta kwanaki, ba ta ɗauka ba. Na ce to, ko malamar makaranta ta yi fushi da ɗalibinta ne. Amma ban ji ƙarar zarto ba. Ba ka wurin aiki?

KAFINTA: Ina gida.

AUTA: Da rana tsaka? Kai da ko ranar aurenka sai da aka janye ka daga kan katako?

KAFINTA: Auta, murjani nake so.

AUTA: Magani? Malam, layin ba kyau. Ni ai kifin ado na teku nake sayarwa, ba kemis na buɗe ba.

KAFINTA: Murjani na ce. Waɗancan duwatsun naku masu rassa da kuke sa wa cikin tankin gilashi.

AUTA: Duwatsu! Allah ya sa Yaya ba ta ji ka ba. Dabba ce, Malam, mai rai. Shekara nawa tana faɗa maka?

KAFINTA: To, dabbar. Ita nake so.

AUTA: Ikon Allah. Kai da ka ƙera teburin tankin nan kana mita, kana cewa an kawo teku cikin ɗakin kwana. To wane iri? Ko kyauta za ka yi mata?

KAFINTA: Wanda ba ya son haske da yawa.

AUTA: Me za a yi da shi? Fitilar tankin Yaya ta fi tawa ƙarfi. Ni na ɗaura ta da hannuna saboda murjanin nan nata, ƙahon barewa.

KAFINTA: Shi ne ba lafiya.

AUTA: Ƙahon barewar? Subhanallahi. Wanda ta rena tun yana kamar gaɓar yatsa? Me ya same shi?

KAFINTA: A da kan rassansa shuɗi ne. Yanzu duk ya koma kamar shayi da madara. Gindinsa kuma ya yi fari.

AUTA: Fari kamar ya koɗe, ko fari kamar ƙashi?

KAFINTA: Ƙashi.

AUTA: Naman ne ke saɓulewa. Ruwan fa? An canja? Famfon yana aiki?

KAFINTA: Yana aiki. Tana faɗa mini yadda zan yi, ina yi.

AUTA: Kai kake yi? To wa ya taɓa fitilar?

KAFINTA: Ni.

AUTA: Haba Malam! Me ya kai ka?

KAFINTA: Na rage ta.

AUTA: Ai kashe masa murhu ka yi. Shi wannan akwai 'yan ƙwayoyin tsiro a cikin jikinsa, da haske suke haɗa masa abinci. A duk masu rassa ba wanda ya kai shi kwaɗayin haske. Ka mayar da ita, amma kaɗan kaɗan, kada ka buɗe masa gaba ɗaya ya ƙone. Hello? Kana jina?

KAFINTA: Ina jinka. Ba za a mayar ba.

AUTA: Saboda me?

KAFINTA: Idonta ba ya ɗaukar haske.

AUTA: Ciwon kan ne?

KAFINTA: Shi ne. Na sa labule mai kauri a taga. Na buga allo a gefen fitilar don kada ya sauka kan gado. Duk da haka ruwan yana jefa hasken sama, yana rawa a rufin ɗaki. Da ta gani sai amai.

AUTA: Ashsha. To a fitar da tankin falo mana. In zo da yarana, yini guda mun gama.

KAFINTA: Falo ba ta zuwa.

AUTA: Ban gane ba ta zuwa ba. Falon da yake taku kaɗan daga ƙofarta?

KAFINTA: Tankin take kallo, Auta. Ba ta karatu, ba ta kallon talabijin, rediyo ma ya dame ta. Na juya mata gadon yana fuskantar tankin. In na fitar da shi, bango zan bar mata.

AUTA: Ita me ta ce da ta ga ya yi fari?

KAFINTA: Ta sa na ɗaure mata ido da ɗankwali, ta ce in ƙure fitilar ya ci abinci. Haka ta kwanta har la'asar, tana damƙe da zanin gado. Ko ta cikin ɗankwalin yana shiga. Da na kwance shi ya jiƙe sharkaf. Ban sake yarda ba.

AUTA: Yaya kenan. To ji, abin ai mai sauƙi ne. Ba sai ka sayi komai ba. Gobe in zo in ɗauki ƙahon barewar, in yanke inda ya mutu, in ajiye shi ƙarƙashin fitilata. In ta warware, mu mayar mata da kayanta. Tankin ya zauna da kifayen kawai na ɗan lokaci.

KAFINTA: Ka zo ka ɗauka. Amma ka kawo wani ka sa a gurbinsa.

AUTA: Don 'yan makonni? Wahalar da dabba ce kawai, a kai ta a dawo da ita.

KAFINTA: Ka zaɓo wanda zai zauna.

AUTA: Zuwa yaushe?

KAFINTA: Wanda zai zauna na ce.

AUTA: Malam. Me likita ya ce?

KAFINTA: Layin nan yana yankewa.

AUTA: Layi lafiyarsa ƙalau, ina jin numfashinka. Me likita ya ce?

KAFINTA: Ƙari ne a cikin kai. Ya yi nisa. Sun ce inda yake wuƙa ba ta kaiwa.

AUTA: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

KAFINTA: Sun ba mu maganin rage zafi, sun ce mu koma gida.

AUTA: Tun yaushe kuka sani?

KAFINTA: An ɗan jima.

AUTA: An ɗan jima! Ni ina nan ina jera tankuna kamar wawa, ina cewa ta yi fushi da ni? Uwa ɗaya uba ɗaya, Malam! Ita ta goya ni. Ita ta fara sa hannuna cikin ruwan gishiri. Shi ne sai a bakin cinikin murjani zan ji?

KAFINTA: Ita ta hana. Ta ce ka gama da shagon tukuna.

AUTA: Shagon banza! Kai kuma ka bi ta?

KAFINTA: Tun da na aure ta nake bin ta. Yanzu zan fara musu?

AUTA: Yaran fa? Sun sani?

KAFINTA: Babbar tana hanya. Ka bar kukan nan, da mutane a shagonka.

AUTA: Ba kuka nake ba. Kai yaro, je ka ce wa mutumin nan mun tashi, ya dawo gobe. Rufe ƙofar. Malam, kana nan?

KAFINTA: Ina nan. Wanne za ka kawo?

AUTA: Wallahi kai mutum ne. Yanzu maganar murjani za mu yi?

KAFINTA: Shi ne abin da zan iya yi mata. Sauran na Allah ne.

AUTA: To. To, bari in yi tunani. Fitilar, ka rage ta sosai? In ka sa hannu a ruwan, kana ganin inuwarsa a kan yashi?

KAFINTA: Kaɗan.

AUTA: To ba duhu ba ne gaba ɗaya, da sauran dama. Akwai wanda muke ce wa mai yatsu. Yana da rassa, ya ɗan yi kama da nata, kuma ya fi shi haƙuri.

KAFINTA: Kawo shi. In ya yi kama, ƙila ba ta lura ba.

AUTA: Yaya ce ba za ta lura ba? Ko a mafarki ka canja mata sai ta sani. Kuma gaskiya, a hasken da ka faɗa, shi ma jurewa kawai zai yi, ba daɗi zai ji ba. A hankali zai koma ruwan ƙasa kamar wancan.

KAFINTA: Ba na son ta sake kallon wani yana mutuwa.

AUTA: To sai mai guduma. Shi ma ƙashinsa rassa ne, amma kowane reshe da tattausan nama a kansa, kore, kamar 'yan gudumomi. Haske kaɗan ya ishe shi, don ana iya ba shi abinci a baki. Sai dai a juya famfon, kada ruwa ya riƙa dukansa kai tsaye.

KAFINTA: Yana motsi?

AUTA: Yana kaɗawa, kamar ciyawa cikin iska.

KAFINTA: Shi za ka kawo. Launi ya fara gagarar ta. Amma in kifi ya gifta tana bin sa da ido.

AUTA: Wayyo Yaya.

KAFINTA: Babba nake so.

AUTA: Ina da ƙanana, masu kai ɗaya ko biyu. Su suka fi saurin sabawa da sabon ruwa. Babban guda ɗaya ne, uwar da nake yanka daga jikinta, kuma manya ba sa son ƙaura. Yana iya rufewa ya ƙi buɗewa.

KAFINTA: Ƙaramin, yaushe zai yi rassa?

AUTA: A wannan hasken? Sai an yi haƙuri. Shekara, ko fiye.

KAFINTA: Kawo babban.

AUTA: Na ji. Ko duk shagon ka ce, zan loda a mota.

KAFINTA: Tsaya. Na'am? Malama, na ɗauka barci kike. A'a, ba kowa, wani ne yake son kujeru. To. To, Auta ne.

AUTA: Ta ji mu? A ina kake tsaye?

KAFINTA: Bakin ƙofa. Ido ne ya tafi, kunne yana nan. Ina zuwa, bari in matsa, muryar ba ta fita. Me kika ce? Ta ce ka daina jan hanci, tun daga nan tana jinka.

AUTA: Ce mata mura ce.

KAFINTA: Ta ce ƙarya kake, tun kana yaro haka kake. Ta ce ƙahon barewar, kada ka yanke da almakashin nan naka mai tsatsa. Ka yanka sama da inda ya yi fari, ka shiga cikin mai lafiyar kaɗan.

AUTA: Na sani, ita ta koya mini.

KAFINTA: Ta ce ka raba shi, ka ba masu tankuna reshe reshe. Kada ya zauna a hannun mutum ɗaya.

AUTA: A'a, ajiya zan yi mata. Ce mata ajiya ce.

KAFINTA: Ta ji ka. Ta girgiza kai. Kada ki girgiza, ciwon zai tashi. Me? A'a. A'a, Malama, mun riga mun gama magana, babban zai kawo.

AUTA: Me ta ce?

KAFINTA: Wai ƙaramin.

AUTA: Ba ta ji abin da na faɗa ba ne? Shekara fa.

KAFINTA: Kin ji ai, shekara ya ce. Me za ki kalla a jikin abu kamar kan ƙusa? Ni na ce babba. Sau ɗaya dai a rayuwa ki bar ni in yanke magana.

AUTA: Malam? Me take cewa? Hello?

KAFINTA: Ta ce babba ya saba da hannunka, ba zai yarda da hannun kafinta ba. Ƙarami kuwa duk wanda ya rene shi, shi ya sani.

AUTA: To amma rassan...

KAFINTA: Ta ce ai ba ita za ta jira su ba.

AUTA: Ba ta wayar. Don Allah, Malam, ɗora mata a kunne.

KAFINTA: Ta ce ba ta gaisawa da ƙaninta ta waya, ka zo da ƙafarka. Ka sa riga mai duhu, farar tana kashe mata ido.

AUTA: Ga ni nan. Yanzu zan ɗaure shi a leda in taho.

KAFINTA: Auta.

AUTA: Na'am.

KAFINTA: Ka ce ana ba shi abinci a baki. Ni ban san inda bakinsa yake ba.

AUTA: Zan nuna maka. Yana tsakiyar kan, sai ka kashe famfo tukuna, sannan ka ɗauki... Malam? Hello? Malam!