Turke Mai Jan Fenti

Ana ruwa a tashar motar Kafanchan, wani dattijon Bafulatani ya matsa wa wani mai baƙar kwat wuri a benci.

"Malam, ka ga turakun da 'yan safiyo suka kafa a unguwar bayan reluwe? Wai kwalta za a zuba a burtalinmu. Ta ina shanu za su bi zuwa rafi?"

"Su zagaya, Baffa. Ni na tara 'yan cocinmu, muka je ofis muka roƙi hanyar nan."

"Ashe kai ne! Me shanu suka yi maka?"

"Ba su yi mini komai ba. Daminar bara naƙuda ta kama matata, Edna, mota ta kasa shiga unguwar saboda taɓo. A kan ƙyaure muka ɗauke ta. Ba mu kai asibiti ba."

"Allah ya ba ka haƙuri. To, tunda ka samu abin da ka roƙa, me ya hana ka murna?"

"Jiya suka shigo gidana da igiyar awo. Sun ce hanyar miƙewa za ta yi, ba ta lanƙwasa."

"Katanga za ta tafi?"

"Katanga ai a sake ginawa. Mu a cikin gida muke binne namu. Turke mai jan fenti yana daidai kanta."

"Subhanallahi! A kan kabarinta? Ka koma ofishin ka ce ka fasa mana."

"In fasa? Matar maƙwabcina cikinta ya tsufa, kuma ga ruwan nan bai da niyyar ɗaukewa."