Mai Baƙar Alkyabba Ya Faɗi Ƙarshen Wasa

A gidan wasan kwaikwayo na bakin kogin Landan, da aka busa ƙaho na uku, wani mai baƙar alkyabba ya fito kan dandali ya sanar cewa ango da amarya duk za su mutu.

Tobias mai kwale-kwale ya yi tsaki. "To me ya rage? Ya gama mana wasan tun ba a fara ba!"

Tsohuwar da ke gefensa ta ce, "Ɗan nan, wanda aka gaya wa ya fi iya kallo."

"Haba Inna, wa ke son a yi masa albishir da mutuwa?"

"Ni. Ran da maigidana ya shiga jirgin ruwa, faɗa muka yi kan gishirin miya. Da wani ya fito ya ce mini ba zai dawo ba, da na kalle shi da kyau."

Tobias ya matsa gefe don ta hango dandalin.