Takardar Umair

Shekarun baya, a wani shagon fotokwafi a unguwar Sultana da ke Saudiyya, Maiwada, ɗalibi daga Kano, yana kan layi sai wani dattijo ya miƙo masa takarda.

"Ɗana, autana Umair ke neman karatun lauya a Amurka. Nan me suke tambaya?"

"Jinsinsa, Baba, wato launin fata. Kotun ƙolinsu ta halatta a ɗan fifita baƙar fata."

"Mu 'yan Saudiyya ne! Shekara arba'in ina faɗa da duk mai ce mini Takari."

"To, in sa Balarabe?"

"Shi me ake ba shi?"

"Bincike a filin jirgi."

Dattijon ya shafa gemu.

"Sa baƙar fata. Wallahi kakana da ƙafa ya zo daga Katsina."

"Tamam, Baba."

"Amma da fensir. Uwarsa za ta duba."