Ranar da Idi Ya Kira Ni Baƙo

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro. Sunana Sanda, dattijo daga wani ƙauye kusa da Gidan Sori.

Bara mutane suka ƙetaro iyaka suna gudun 'yan bindiga, da mata da yara da 'yan awakinsu. A ƙofar maigari na ce mu ara musu gonar da ke kwance bayan gari su shuka wake. Sai Idi, aminina da aka yi mana kaciya tare, ya gyara zama ya ce, "Malam Sanda, ba baƙo ke raba mana ƙasa ba. Kakanka ma daga kudu ya zo." Ba wanda ya tsawata masa, har waɗanda na raɗa wa suna.

Bai yi ƙarya ba. Yunwa ta koro kakana, kuma kakan Idin ne ya sauke shi a zaurensa. Tun ranar ba a sake kirana zaman shawara ba.

Jama'a, ku ba ni shawara. Kakana da ubana da 'ya'yana biyu suna kwance a maƙabartar garin nan. Mutum nawa zan ƙara binnewa kafin in zama ɗan gari?